Masu karatu sun rabu a kan littafina na soyayyar zamanin Nabame: maganar wa zan ɗauka?

Tambaya: Wata marubuciya daga Birnin Kebbi ta ce tana fitar da littafin soyayya babi-babi ta waya. Labarin wani saurayi ne Bakabe, ɗan masunta, da 'yar wani malami na Gwandu, a zamanin da Yakubu Nabame ya sake tayar da sarautar Kabi. Da ta kai babi na goma sha biyu sai masu karatu suka rabu. Wasu sun ce soyayyar yau ce kawai aka sa wa tsohuwar riga. Wasu sun ce tarihi ya yi yawa har barci yake sa su. Wani dattijo ya aiko mata cewa ta taɓa mutuncin kakanninsa. 'Yan mata kuma suna ta matsa mata lamba a kan yarinyar ta bijire wa mahaifinta ta gudu wurin masoyinta. Tana tambaya: maganar wa za ta ɗauka?

Amsa:

Ƙanwata, masu maganar farko su ne suka taɓa inda ciwon yake. Idan kika gyara abin da suka nuna miki, kukan masu jin barci zai ragu da kansa, 'yan matan nan ma za su samu abin da suke nema ta wata hanyar da ta fi gudu daɗi. Maganar dattijon kuwa daban take, amana ce, zan zo kanta.

Ki fara da gwaji ɗaya. Ki ɗauki labarinki a zuci ki sauke shi a Birnin Kebbi ta yau, ki ba saurayin babur, ki ba yarinyar waya. Idan labarin ya ci gaba da tafiya yadda yake, uba ya ƙi saboda talauci, kishiya ta yi makirci, mai kuɗi ya shigo, to masu karatunki sun yi gaskiya. Abin da yake sa littafin soyayya ya zama na tarihi shi ne zamanin da kansa ya tsaya tsakanin masoyan, ya zama shi ne katangar. Mai karatu ko bai iya faɗin haka da baki ba, yana jin sa a jikinsa, shi ya sa yake cewa riga ce kawai.

Zamanin da kika zaɓa kuwa cike yake da katangu, ba sai kin ƙirƙiro ba. A 1805 rundunar jihadi ƙarƙashin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ta ci Birnin Kabi, wato Birnin Kebbi. Sarkin Kabi Sama'ila, wanda ake kira Karari, ya ci gaba da faɗa har aka kashe shi a 1831. Ɗansa Yakubu Nabame ya yi shekaru a hannun Sakkwato, sannan a 1849 ya koma ya tayar da Kabi daga Argungu, lokacin Halilu yana sarautar Gwandu, Aliyu Babba yana Sarkin Musulmi. Baturen nan matafiyi ɗan Jamus, Heinrich Barth, ya sauka Gwandu a 1853, ya kuma rubuta irin rashin kwanciyar hankalin da ya tarar a hanyoyin wannan yanki. Yaƙin bai lafa sosai ba sai sulhun da ake kira Lafiyar Toga, zamanin Sarkin Kabi Abdullahi Toga, wanda ya ɗauki kimanin shekara takwas daga wajen 1867.

Yanzu ki yi lissafi da yatsunki. Yarinyar da take da shekara goma sha biyar a 1849, ranar da hanya ta buɗe a 1867 tana da talatin da uku. An yi mata aure tuni, ta haihu, wataƙila mijin ya faɗi a wani yaƙi tana zawarci. Saurayin ya zama magidanci da furfura a gemu. Wannan shekara goma sha takwas ɗin kaɗai ta ishi littafi, kuma babu yadda za a yi a kwashe ta a kai zamanin waya.

Ga wasu katangun da zamanin ya ajiye miki. Tsagen fuska: Bakabe yana ɗauke da shaidar asalinsa a kumatunsa, ba zai shiga kasuwar Gwandu lokacin yaƙi ya ɓace cikin jama'a ba, sai dai ya ja amawali ya rufe fuska, rufewar kuma ita kanta abin tuhuma ce ga ɗan masunta. Ruwa: da damina fadamar Gulbin Kabi takan cika, doki ba ya ratsawa, sai mai jirgi ko mai gora. Wannan ya sa damina lokacin masunci ne, rani kuma lokacin mahaya da hari. Saurayinki ya fi iya zuwa ganinta a watannin da kowa yake zaune, ya fi shiga haɗari a watannin da hanya ta bushe. Ki gina zuwa da komowarsa a kan wannan, za ki ga babi-babinki sun samu numfashi.

Sai shari'a, wadda marubuta da yawa suke tsallakewa alhali nan ne zinariyar take. A mazhabar Malikiyya, wadda alƙalan Gwandu suke hukunci da ita, uba yana da ikon aurar da 'yarsa budurwa, amma bazawara sai da yardarta. Matar da mijinta ya ɓace a ƙasar Musulmi takan kai ƙara, a yi cigiya, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma kafin ta yi wani aure. Matar wanda aka kama a yaƙi aka san yana raye a hannun abokan gaba hukuncinta ya fi wannan tsanani, domin igiyar aurenta tana nan muddin ana ciyar da ita daga dukiyarsa. Ki duba irin labarin da ke cikin wannan bambanci: mace tana son a ce mijin da aka ɗaura mata ya ɓace, danginsa suna rantsuwa kama shi aka yi. Akwai kuma bauta. Wanda aka kama a hari yana iya zama bawa, danginsa su tara dukiya su fanshe shi, ko shi da kansa ya yi murgu yana biyan ubangidansa kaɗan-kaɗan. Ƙwarƙwarar da ta haifa wa ubangidanta ɗa, ɗan nan ɗa ne, ita kuma tana samun 'yanci idan ubangidan ya rasu. Duk wannan rayuwar mutane ce a lokacin, kuma kowanne cikinsu yana iya raba masoya ko ya haɗa su.

Bayan ƙashin labari sai kayan cikinsa, inda masu karatu suka fi saurin kama marubuci. Wanda ya fi yawan faruwa shi ne itace. Kada masoyanki su zauna ƙarƙashin dogon yaro. Wannan itace baƙo ne daga ƙasar Indiya, a 1928 aka fara dasa shi a Barno, daga baya ya bazu har ya cika garuruwanmu. Mangwaro ma bayan zuwan Turawa ya yaɗu. Ki ba su tsamiya, durumi, ceɗiya, gawo, ɗorawa, kuka, ko giginya a bakin fadama. Ɗaki ba rufin kwano, ba siminti: soro ne da azara, ko ɗakin ciyawa, da danga, da zaure, da rumbu. Wuta da ƙyastu ake ƙyasta ta ko a ɗebo garwashi a maƙwabta, ashana ba ta zo ba. Haske kuwa aci-balbal ce da man kaɗe, wadda iska kaɗan take kashewa, kuma wannan mutuwar fitila ta fi miki wata dogon bayanin dare amfani. Shayi da burodi ba su da wurin zama a 1850. Akwai fura da nono, tuwon dawa da na gero, kunu, da jar shinkafar fadama wadda Kabi ta shahara da ita tun kafin farar shinkafar waje, da kifi ɗanye da banda, da daddawa, kuka, kuɓewa, man shanu. Masara, barkono da taba sun riga sun iso a zamaninki, don haka ba laifi. Amma in wata rana kika koma zamanin Kanta, wanda ya kafa daular Kabi, da birninsa Surame, farkon ƙarni na goma sha shida, ki cire su duka, domin daga nahiyar Amurka suka fito kuma ba su kai ga isowa ba a lokacin.

Sutura: atamfa, leshi da shadda irin na kanti, da hijabin da muka sani yau, duk ki ajiye su. Mace tana ɗaura zanen saƙi, baƙi ko mai ratsi, mai hali ta samu turkuɗi ko tsamiya, ta yi lulluɓi. Adonta tozali, lalle, shuni a kitso, goro da fure a haƙora, jigida, murjani, tsakiya, mundaye. Jeren ɗakin amarya ƙorai ne da faya-fayai da akussa da tasoshi, ba kwanonin da suka zo zamanin kanti ba.

Kuɗi wuri ne. Keso guda wuri dubu ashirin ne, kaya ne da sai ƙato ya ɗauka. A lissafin Barth, kuɗin azurfar nan na waje da fatake suke yawo da shi, ƙwaya ɗaya tana kamawa wajen wuri 2,500 a Kano. Ma'anar wannan ga labarinki ita ce ba mai zura hannu a aljihu ya fito da sadaki. Ana kawo shi a ka, a zube a tabarma, a zauna ana ƙirga biyar-biyar, jama'a na kallo. Mafi ƙarancin sadaki a shari'a rubu'in dinari ne, sauran kuwa al'ada ce da hali: toshi, gaisuwar iyaye, zannuwa, ƙwaryar goro mai ɗari, wani lokaci har da noman gayya a gonar suruki. Goron nan ma daga Gwanja fatake suke kawo shi, tafiyar watanni ƙarƙashin madugu, yana biyowa ta kasuwanni irin su Jega. Saboda haka goro biyu da saurayi ya aiko wa budurwa ta hannun ƙanwarta kyauta ce mai nauyi, ba abin da za a ambata a wuce ba.

Sunaye su ma suna tona asiri. Afnan, Ihsan da Aiman sunayen 'ya'yanmu ne na yanzu. Ki nemi Jummai, Ladi, Laraba, Asabe, Kande, Azumi, Marka, ko Nomau, Tanko, Cindo, Shekarau, Audi. A gidan malami ki sa A'i, Hadiza, Hauwa, Maryama, sannan ki tuna da alkunya: mace ba ta kiran sunan mijinta, uwa ba ta kiran na ɗanta na fari. Agogo babu, sai asuba, hantsi, walaha, azahar, la'asar, almuru. Shekara kuma ba da lamba talaka yake kiranta ba, da abin da ya faru yake kiranta, shekarar da aka ci Birni, shekarar fara, shekarar da ruwa ya ci shinkafa.

Harshe yana buƙatar a tsaya a kansa, domin nan ne marubutan yankinmu suke faɗawa ɗaya cikin rami biyu. Wasu su sa Bakaben 1850 yana Hausar fim, yana cewa "bugun zuciyata" da "ba ni minti biyar". Wasu kuma su cika kowane layi da Kabanci mai kauri har mai karatu na Kano ko Zariya ya gaji ya ajiye. Abin da ya fi aiki shi ne bayanin mai ba da labari ya kasance da daidaitacciyar Hausa, maganar mutane kuma ki zaɓi alamomi huɗu ko biyar ki riƙe su ba sauyi daga farko har ƙarshe: "munka" da "sunka", "mi" a maimakon "me", "yac ce" da "tac ce", "wanga" da "wagga", "hwaɗa" da "tahi". Misali ta ce masa, "Mi kac ce ma baba?" ya ce, "Na hwaɗa mai gaskiya. In ruwa sunka cika ina tahowa." Wannan ya isa kunne ya san inda yake. Ki kuma bambanta bakin gidaje biyun. Gidan malami a Gwandu ana jin Fulatanci da Larabcin karatu a cikinsa, gidan masunta kuma maganarsu cike take da homa, gora, mamari, sunayen kifi da na gurabun ruwa. Game da kalmomin so kuwa, ki rage su ƙwarai. Kunya ita ce ƙarfin irin wannan littafi. Budurwar da ta ƙi ɗaga kai, amma washegari aka gan ta da jan goron da ya aiko a bakinta, ta faɗi abin da shafi uku na kalamai ba za su faɗa ba.

Masu cewa tarihi yana sa su barci, dalilin kukansu sananne ne. Marubuci ya sha wahalar bincike, yana jin asara ce ya bar ko ƙwaya ɗaya, sai ya juye duka a babi na farko, jerin sarakuna da shekarunsu. Maganin shi ne kada wani labarin tarihi ya shiga sai ta bakin wanda abin ya ci masa tuwo a ƙwarya. Maimakon shafi biyu a kan faɗuwar Birnin Kabi, ki ba saurayin kaka. Wadda take da shekara bakwai a 1805 tana da hamsin da ɗaya a 1849, ta tuna daren da aka goya ƙaninta aka ja hannunta cikin fadama. Ranar da jikanta ya ce mata 'yar Gwandu yake so, abin da za ta faɗa, ko shirun da za ta yi, ya ɗauke miki dukan darasin. Shekaru da lamba ki sa su a saman babi, ko a shafi guda a ƙarshen littafi don mai son ƙarin bayani. Ki tuna kuma da yawa daga masu bin ki saurare suke yi, wata tana karanta musu ko an ɗauka a murya, ba su da damar komawa baya su duba wane ne wane. Kada mutane masu suna su wuce shida ko bakwai a babi uku na farko, kuma masoyan su haɗu, ko su yi saɓani mai ciwo, kafin babi na ɗaya ya ƙare.

Yanzu maganar dattijo. Wannan ki ɗauke ta da hannu biyu. Argungu da Gwandu yau jiha ɗaya suke tun da aka ƙirƙiri Kebbi a 1991, jikokin waɗanda suka yi yaƙin suna raye, suna auratayya, sarautun suna nan da masu riƙe da su. Bikin kamun kifi na Argungu da duniya ta sani ma ya samo armashinsa ne daga ziyarar da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai a 1934, wadda ta zama alamar binne tsohuwar gaba. Littafin soyayya bai kamata ya zama shi zai tono ta ba.

Ƙa'idar da ta fi tsare marubuci ita ce masoyan da iyayensu su zama ƙirƙirarru, kada ki ba mugun cikin labarinki sarautar da ake da ita har yau, kamar Kunduɗa, domin gidan da ke riƙe da ita za su ɗauka kakansu kike nufi. Sarakuna na gaskiya a hango su daga nesa, a ji tambarinsu, a ga ƙurar dawakinsu, su aikata abin da tarihi ya tabbatar kawai. Kada ki sa wa Shehu, ko Malam Abdullahi, ko Nana Asma'u maganar da ba su yi ba, balle ki jingina musu soyayya. Sai ki kula da kalma. Abin da mutumin Gwandu zai kira tawaye, Bakabe zai kira shi maido da gadon kakanni. Ki bar kowane ya faɗi tasa da bakinsa, mai ba da labari kada ya ɗauki ɗaya ya mai da ita tasa. Haka kalmomin kafirci da ake samu a rubuce-rubucen lokacin yaƙi: Musulunci ya daɗe a ƙasar Kabi kafin jihadi, don haka idan wani mayaƙi a labarinki ya furta irin wannan, a ga cewa maganar mayaƙi ce, a kuma ga Bakabe yana alwala a bakin gulbi.

Ki aika wa dattijon nan da gaisuwa ta hannun babba, ko ki je da muharraminki da ɗan goro, ki ce, "Baba, ina ne na yi kuskure, a gyara mini." Amsarsa za ta faɗa ɗaya cikin biyu. In ya nuna miki kin ɗora wa wani gida abin da bai yi ba, ko kin rikita sarki da sarki, ki gyara a fili ki gode masa. In kuwa abin da ya dame shi shi ne kin ambaci bauta, ko hari, ko bori da al'adun ruwa na masunta, to waɗannan sun faru, share su ha'inci ne ga waɗanda suka sha wahalarsu. Abin da za ki iya yi shi ne ki tabbata ba ɓangare ɗaya kika ɗora wa duka muni ba, kuma ba ki rubuta su da sigar tozarci ba. Sau da yawa irin wannan dattijo, in aka girmama shi, shi ne yake komawa babban mai ba da labarin da ba ya cikin kowane littafi.

'Yan matan da suke son yarinyar ta gudu, abin da suke nema a gaskiya shi ne kada ta zama tabarma kowa ya taka. Wannan buƙata ce mai kyau, ki biya musu ita, amma da kuɗin zamanin. Budurwar da ta fita ganuwar Gwandu ita kaɗai lokacin yaƙi, abin da ya fi kusa da ita shi ne a kama ta a sayar, ba ta isa Argungu ba. In za ta gudu, mai karatu ya ga wannan farashin. Kuma akwai ƙarfin da matan lokacin suke da shi wanda ya fi gudu tasiri. Akwai goggo da kaka, waɗanda uba ba ya iya tsallake maganarsu cikin sauƙi. Akwai yaji. Akwai hul'i, mace ta mayar da sadaki ta fanshi kanta a gaban alƙali, kuma tana iya tara abin fansar da kaɗin zare da sayar da fura, domin abin da mace ta samu nata ne. Akwai zawarci, inda zaɓi yake komawa hannunta. Akwai ilimi: a daidai wannan zamani Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, tana tura jajis, wato malamai mata, da malfunansu suna karantar da mata a ƙauyuka, tsarin da ake kira 'yan taru. Saboda haka 'yar malami da ta iya rubutun ajami ba abin mamaki ba ce. Abin tambaya shi ne ko ɗan masunta ya iya karantawa. In bai iya ba, dole ya kai wasiƙar wurin wani almajiri ya karanta masa, sirri ya shiga kunne na uku, takarda kuma abu ce mai tsada da ake kawowa ta hamada, mahaifinta zai lura in warƙa ɗaya ta ɓace daga gafakarsa. Kin ga jarumtar da ta dace da ita, kin ga haɗarin da ke biye.

Wani abu da ya kamata ki sani game da ɗanɗanon masu karatu na yanzu: da yawansu sun saba da labaran masarautun ƙirƙira, yarima da kuyanga, fada mai hawa-hawa da aka aro daga fina-finan ƙetare. Wannan nau'i ne mai zaman kansa, ba laifi ba ne, amma alkawarinsa daban. Mai rubuta shi bai ce ga gari ga shekara ba. Ke kin ambaci Gwandu, kin ambaci Nabame, kin ɗauki alkawarin gaskiya. Wanda ya zo neman yarima zai yi ƙorafi ko me kika yi, kada ki lanƙwasa littafin dominsa. Abu ɗaya da duk masu karanta soyayya suka haɗu a kansa shi ne ƙarshe ya biya wahalar da suka sha. Ba dole a ƙare da biki ba, amma dole masoyan su sake tsayawa gaba da gaba, a warware abin da aka ƙulla. Littafin da ya kashe su biyun a shafin ƙarshe don kawai a ce tarihi ba shi da tausayi, masu karatu ba sa yafe masa.

Game da bincike, gidan tarihin Kanta da ke Argungu, wanda tsohuwar fada ce, yana da makamai, tambura da kayan kamun kifi da za ki gani da idonki, ki san nauyin mashi da faɗin garkuwa. A Sakkwato akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu, a Kaduna akwai Arewa House. Littafin Tazyinul Waraƙati na Malam Abdullahi zai ba ki yadda ɓangaren jihadi ya ga yaƙe-yaƙen farko, ɓangaren Kabi kuwa ya fi zama a bakin dattawa da waƙoƙin makaɗan fada, don haka sai kin haɗa biyun. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 yana da amfani wajen tantance tsohuwar kalma, har yakan nuna wadda ta Sakkwato ce. Idan kika zauna da tsofaffin mata, kada ki tambaye su shekara, ki tambaye su abu: da me ake wanke amarya, wa yake kai toshi, me ake rerawa a gaɗa, yaya ake gane saurayi da gaske yake. Sai dai ki riƙe lissafi. Tsohuwa mai shekara tamanin yau, abin da ta gani da idonta na wajen 1950 ne, abin da kakarta ta ba ta labari ne yake kaiwa ƙarshen ƙarni na goma sha tara. Ki riƙa cewa, "Inna, wannan ke kika gani ko kakarki ta faɗa miki?"

Babi goma sha biyun da suka riga suka fita kuwa, kada ki tsaya sake su yanzu, masu bin ki za su watse. Ki buɗe takarda guda ki rubuta shekarun labarin daga 1849, kowace shekara da shekarun kowane mutum da abin da ya faru a ƙasa. Ki buɗe ta biyu ki tara kurakuran kaya da aka nuna miki, ki gyara su lokacin haɗa littafin gaba ɗaya. Kafin kowane sabon babi ya fita, ki ba mutum uku su karanta: wanda ya san tarihin yankin, tsohuwa da za a karanta mata ta ji, da budurwa mai son soyayya wadda tarihi bai dame ta ba. Kada ki tambaye su ko ya yi daɗi, kowa zai ce ya yi. Na farko ki tambaye shi abin da ba zai yiwu ba a lokacin. Tsohuwa ki tambaye ta inda ta ji maganar ba ta mutanen da ba ce. Budurwar ki tambaye ta layin da ta fara tsallakewa. Babi na goma sha uku kuma ki buɗe shi da janyewar ruwan fadama, ranar da labari ya iso Gwandu cewa Nabame ya ƙi komawa hannun Sakkwato, aka rufe ƙofofin gari, saurayin yana ciki da tsagen Kabawa a fuskarsa.